Shekara 20 a Majalisa, Gadar Garinmu Ba Ta Haɗu Ba

Assalamu alaikum. Ni tsohon ɗan majalisar dokokin jiha ne a ɗaya daga cikin jihohin Arewa maso Yamma. Sau biyar jama'ata suna tura ni, daga 2003 har zuwa 2023. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan kuma ambaci jiha ko jam'iyya ko wani mutum ba, domin ba tonon silili ne ya kawo ni ba. Waɗanda muka yi aiki tare, wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu kuma suna da 'ya'ya da jikokin da maganar za ta yi wa ciwo. Laifin da zan faɗa a nan nawa ne, shi na sani, shi kuma za a tambaye ni.

Garinmu yana bayan kogi. Da rani yaro ma da ƙafa yake tsallake shi, yashi ne zalla, mata na tona ƙananan ramuka suna kwarfar ruwa da ƙwarya. Amma daga watan Yuli zuwa ƙarshen Satumba, in ya kawo, sai mu koma kamar ba a cikin ƙasar muke ba. Kasuwa tana tsallake, asibiti yana tsallake, kwalta tana tsallake.

Ina ɗan shekara 12, a daminar 1975, yayata ta dawo gida goyon ciki. Ita ta goya ni a bayanta, ita take ɓoye mini ƙanzo in Inna ta hana ni. Naƙuda ta kama ta kwana biyu, ungozoma ta yi iya yinta abin ya gagara. Da daddare aka shimfiɗa ta a amalanke aka nufi bakin kogi, ni aka ba fitilar ƙwai ina gaba. Ruwan ya cika ya batse, yana tafe da itatuwa. Mai kwale-kwale ya dubi mahaifinmu ya ce, “Malam, in na shiga ruwan nan yanzu, gawa shida za a nema gobe. A bari gari ya waye.” Muka zauna. Ina jin numfashinta yana raguwa, Inna na riƙe da kanta tana yi mata kalmar shahada. Kafin kiran assalatu ta cika, abin da ke cikinta ma bai zo duniya ba. Daga inda muke zaune muna hango hasken motoci a kan titi.

Wannan dare shi ya kai ni siyasa, ko da yake ya ɗauki shekaru kafin ya kai ni. Na yi kwalejin horon malamai a lokacin da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya sa gwamnati ke neman malamai ido rufe. Na koyar shekara 16, har na zama hedimasta. Bayan rasuwar Janar Abacha a watan Yunin 1998, da Janar Abdulsalami ya buɗe fagen siyasa, dattawan gari suka same ni a ƙarƙashin darbejiyar makaranta suka ce ni suke so in tsaya kansila. Na tsaya a zaɓen Disamban shekarar, na ci. A 2003 suka ce in haura majalisar jiha. Ranar da na rufe yaƙin neman zaɓe, a bakin kogin na tara jama'a, na ɗaga hannu na ce musu, “In Allah ya ba ni kujerar nan, ba zan sauka ba sai mota ta shiga garinmu da damina.” Mata suka yi guɗa. Inna tana raye a lokacin, da na koma gida ta ce mini, “Ka yi alkawari a inda 'yar'uwarka ta kwanta dama. Ka san da wa ka yi shi.”

Na shiga majalisa da halina na malamin makaranta. Na sayi kundin tsarin mulkin 1999, na bi shi da jan biro. Na ga sashe na 128 ya ba mu ikon bincikar yadda aka kashe duk kuɗin da muka amince da su, na 129 kuma ya ba mu ikon kiran kowane mutum a jihar ya zo gabanmu ya yi bayani, in ya ƙi a aika masa da sammaci. Na ce ashe wuƙa da nama a hannunmu suke. Na yi ta zirga-zirga tsakanin ma'aikatar ayyuka da kwamitin kasafi har Allah ya sa gadarmu ta shiga kasafin kuɗin 2005. Na ɗauki hoton shafin na kai gida, aka karanta a ƙofar gidan dagaci, makaɗa suka kwana suna kiɗa.

Wani dattijo cikinmu, wanda ya taɓa zama a majalisar zamanin jam'iyyun SDP da NRC, ya ja ni gefe ya ce, “Malam, na ga kana murna. Shiga kasafi daban, fitar kuɗi daban.” Ban gane ba sai da shekara ta ƙare ko fegi ba a kafa ba. Majalisa ce ke amincewa da kasafi, gaskiya ne, amma ba a sakin ko sisi sai da sa hannun gwamna. Mu kuma da aka ce mu sa ido a kansa, alawus ɗinmu daga wajensa yake fitowa, motocin da muke hawa shi ya saya, hatta man janaretan zauren majalisa sai an rubuta takarda an kai gidan gwamnati. Yaya za ka ɗaga murya ga wanda in ya yi fushi fitilar ɗakinka za ta mutu?

Ga kuma ƙofar gida. Wanda bai taɓa riƙe irin wannan kujera ba, ba zai san nauyinta ba. Ina idar da sallar asuba zan tarar da zaure ya cika, har waje an shimfiɗa tabarmi. Wannan yana riƙe da takardar magani da ta yi laushi don ninkewa. Wancan matarsa ta haihu, jibi suna, babu rago. Ga uban da zai aurar da 'ya babu kayan ɗaki, ga ɗalibin da za a rufe rajista ranar Juma'a, ga wanda ya zo da kunya a fuskarsa yana neman kuɗin likkafani. Ba maƙaryata ba ne, mafi yawansu na san su, na koyar da su ko 'ya'yansu. Cikin shekara 20 ban tuna ranar da wani ya zo ya tambaye ni wace doka muka yi ba, ko nawa aka ware wa asibitin ƙaramar hukuma. “Onarabul, a taimaka,” shi ke nan. Ni ma kuma daɗin abin nake ji. In na sa hannu a aljihu na ga fuskar mutum ta washe, sai in ji na yi aikin yini. Albashi ba ya kai tsakiyar wata. To ina za a samo na cikawa? Sai ka zama ɗan gida a wajen masu bayarwa. Haka na zama, a hankali, ba rana ɗaya ba.

Ranar da na fara sanin na canza ita ce a 2010. Majalisar Tarayya ta turo wa jihohi gyaran tsarin mulki, kuma kowane sashe sai ya samu amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. A cikin sassan har da wanda zai ba majalisun jihohi 'yancin samun kuɗinsu kai tsaye, ba sai sun roƙa ba. Maganin ciwonmu ke nan aka kawo mana har gado. Daren da za a kaɗa ƙuri'a aka kira mu cin abinci, aka yi mana magana mai laushi, aka tuna mana cewa zaɓe ya matso kuma kowa yana son komawa. Washegari kakaki ya karanta sashen, ya tambayi masu goyon baya, zauren ya yi tsit. Ina jin zuciyata na bugawa, hannuna yana kan gwiwa kamar an ɗaure shi da dutse. Da ya tambayi waɗanda ba su yarda ba, muryata na cikin waɗanda suka amsa. Sashen bai samu jihohi 24 ba, ya faɗi. Mu da kanmu muka ce ba ma son a kwance mu.

Aka saka mini da alheri. Bayan zaɓen 2011 aka ba ni shugabancin kwamitin ayyuka, na ce wa raina ai ga amfanin haƙuri, yanzu gada ta zo hannu. A 2012 kuwa aka ba da kwangilarta, aka biya kuɗin somin aiki, manyan motoci suka zo da rani suka kafa ginshiƙai biyu a tsakiyar yashi. Damina na sauka suka kwashe kayansu, ba su sake dawowa ba. Na jagoranci kwamitina muka je duba aiki. Muka tsaya a gindin ginshiƙan, ƙarafa sun yi cirko-cirko a sama sun fara tsatsa, yara sun rubuta sunayensu da gawayi a jikin simintin. Wakilin ɗan kwangila ya tarbe mu, aka kai mu masauki, aka ci aka sha, da za mu tafi aka bi kowa da ambulan har mota. Na riga na ji ko yaron wane ne mai kwangilar. Na karɓa. Ina so in rubuta wannan kalma ba tare da na lulluɓe ta ba: na karɓa. Rahoton da muka miƙa ya ce aiki yana tafiya, ana jiran ruwa ya janye. Kuɗin ambulan ɗin ko kwana uku ba su yi ba, a zaure na rabar da su, har ina gaya wa kaina ai ga jama'a suka koma.

Guguwar zaɓen 2015 ta yi awon gaba da mutane da yawa, ni ta bar ni. Cikin waɗanda muka shiga tare a 2003, mu uku muka rage. Aka fara kira na uban majalisa. Sababbin shiga kan zo ofishina neman shawara, ni kuma in gaya musu abin da dattijon nan ya gaya mini, har in ƙara da cewa mai son daɗewa ba ya jayayya da sama. Wannan na daga cikin abin da ya fi damuna yau. Yara ne masu zafin zuciya irin nawa na da, ni na sanyaya su. Gadar kuwa ta ci gaba da fitowa a kasafi, sau huɗu ke nan, ina kallon layinta ina wucewa.

A watan Agustan 2018 aka bugo mini waya da sassafe. Wata yarinya 'yar shekara 19, haihuwar fari, ta rasu a bakin kogi tana jiran ruwa ya sauka. A daidai wurin. Na ajiye wayar, na shiga banɗaki na kulle, na yi kukan da rabona da irinsa tun rasuwar Inna.

Rana ta uku na je ta'aziyya. Da kwale-kwale na haye, muka bi ta tsakanin ginshiƙan nan biyu, ruwa na dukansu. Na tafi da buhun shinkafa biyu da kuɗi a ambulan. Mahaifinta tsoho ne, yana cikin waɗanda suka same ni a ƙarƙashin darbejiya a 1998. Bayan an shafa fatiha, yaran da ke tare da ni suka sauke buhunan a gabansa. Ya dube su, ya dube ni, bai ɗaga murya ba, ya ce, “Malam, mun gode, Allah ya ba da lada. Amma abinci muna da shi, gero ya kusa nuna. Abin da muka aike ka ka karɓo mana, shi muke jira.” Bai ce mini Onarabul ba. Duk zauren aka sunkuyar da kai. Na buɗe baki in ce ana ƙoƙari, maganar ta maƙale.

A daren na zauna na rubuta ƙudiri da hannuna, cewa majalisa ta kira ɗan kwangila da jami'an da suka biya shi, a binciki inda kuɗin gada suka shiga. Na miƙa wa akawun majalisa, aka sa shi cikin jadawalin zaman Talata. A shekarar ce ma, a watan Yuni, Shugaba Buhari ya sa hannu kan gyaran da ya ba majalisun jihohi 'yancin kuɗin da muka ƙi a 2010, ko da yake a takarda ya tsaya a lokacin. Ran Litinin da dare wani babba ya zo gidana da kansa, muka keɓe. Ya ce, “Ranka ya daɗe, kai ne babba a cikinmu. Zaɓen fidda gwani saura makonni. Ka bari a wuce wannan gaɓar, ni na yi maka alkawari za a koma bakin aiki.” Ba barazana ya yi mini ba, ko kusa. Da barazana ce wataƙila da na yi taurin kai. Na kwana ina juyi. Na tuna bashin banki da ke kaina, na tuna zauren da zai cika da safe, na gaya wa kaina in na faɗi wa zai kula da gadar? Da gari ya waye na je na janye ƙudirin. Uwargidana, wadda ta aure ni ina malamin aji uku, ta ji labari a rediyo. Da na dawo ta ajiye mini abinci ta ce, “Malam, kujerar nan kai kake riƙe da ita ko ita take riƙe da kai?” Na yi mata tsawa. Shi ne karo na farko da na yi mata tsawa a gaban yara.

Na samu tikiti, na ci zaɓen 2019. Ba a koma bakin aiki ba, ni kuma ban sake tayar da maganar ba.

A watan Mayun 2022 aka zo fidda gwani. Sabuwar dokar zaɓe ta shekarar ta sa daliget ɗin da aka zaɓa don wannan aiki ne kaɗai za su kaɗa ƙuri'a, don haka ni kaina, da shekara 19 a majalisa, ba ni da ƙuri'a a zaɓen kujerata. Jerin sunayen kuma ba a hannuna yake ba. Na sayar da gonar gadonmu ta fadama, na ƙara cin bashi, na bi daliget gida-gida har ƙarfe ukun dare. Kowa ya karɓa, kowa ya ce in kwantar da hankalina. Da aka ƙirga, ƙuri'a 7 na samu. Daga baya na ji tun watanni kafin nan aka yanke cewa na tsufa, ana son sabon jini. Shirun da na yi na shekaru, wanda na ɗauka shi ne jarina, bai saya mini ko kwana ɗaya ba.

Washegari na fito bayan asuba kamar kullum. Mai gadi ya shimfiɗa tabarmi, ya kawo butoci. Mutum huɗu ne a zaure, biyu masu bin bashi. Kafin wa'adinmu ya cika a watan Yunin 2023, tabarma ɗaya ma ba ta cika. Wayar da da ba ta minti biyar ba ta yi ƙara ba, sai in yini ina duba ta ko ta lalace. Ban riƙe kowa a zuciya ba. Da kuɗi na ɗaure su, kuɗi suka ƙare, igiya ta kwance. Muna dab da sauka kuma aka cire tallafin man fetur, komai ya yi tsada, haƙƙoƙinmu na sallama suka yi jinkiri. Na sayar da mota biyu, na saki gidan babban birni, muka koma hedikwatar ƙaramar hukuma.

Barci ya ƙaurace mini. In na rufe ido sai in ga fitilar ƙwai a hannuna. Na daina fita jam'i don kada a nuna ni, na daina cin abinci sosai, na kan yi kwana biyu ban yi wa kowa magana ba. A watan Nuwamban 2023 ina alwala buta ta suɓuce daga hannuna na hagu, bakina ya karkace. Likita ya ce hawan jini ne ya taɓa ni, Allah ya taƙaita, ɓarin jikin bai mutu gaba ɗaya ba. Na yi wata huɗu ina koyon riƙe cokali. Matar nan da na yi wa tsawa ita ke ɗaga ni, ita ke goge mini baki. Wata rana tana matsa mini hannu na ce ta yafe mini. Ta ce, “Ni na yafe tun a ranar. Saura waɗanda ke bayan kogi.”

Da na fara takawa da sanda na sa aka kai ni garinmu. Tsohon nan, mahaifin yarinyar, ya rasu, ban samu na nemi gafararsa ba, kuma wannan zai bi ni har kabari. Na roƙi liman ya ba ni dama bayan sallar Juma'a. Na tsaya a gaban mutanen da suka zaɓe ni sau biyar, na gaya musu gadarsu ta shiga kasafi sau huɗu, na gaya musu an biya kuɗi, na gaya musu na je na gani na karɓi ambulan na rubuta ƙarya, na gaya musu maganar ƙudirin da na janye. Wasu suka tashi suka fita. Wani matashi ya ɗaga murya ya ce sai yanzu da ba ka da komai? Na ce masa gaskiyarka. Wasu dattawa suka ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Mijin yarinyar yana sahu na biyu, bai ce uffan ba, kuma ba ni da bakin da zan nemi ya ce.

Abin da ya rage mini shi ne takardu da sanin hanya. Ina da kofen shafukan kasafin nan huɗu, na san lambar aikin, na san teburin da fayil ke kwana a kai. Ƙungiyar ci gaban garinmu ta yarda in zama mai rubuta mata takarda, ba shugaba ba, ban ma nema ba. Ina zama da matasa a ajin da na taɓa koyarwa ina nuna musu yadda ake karanta kasafi, ina ne kuɗin da aka ware, ina ne wanda aka saki, wane kwamiti ake kai wa koke, me ya kamata su tambayi ɗan majalisarsu in ya zo gida maimakon kuɗin cefane. Yaran suna da kaifi, wata yarinya cikinsu ta gano layin asibitinmu da ni kaina ban taɓa lura da shi ba.

Sau uku muna kai koke majalisa. Zuwan farko mai gadin ƙofa sabo ne, bai san ni ba, ya ce in jira a benci. Na jira awa huɗu da fayil a cinyata, a gefen wata tsohuwa da ta zo neman ɗan majalisarta da takardar magani a hannu. Zuwa na uku shugaban kwamiti ya karɓe mu, yaro ne cikin waɗanda na taɓa ba shawarar yin shiru. Ya karanta, ya ce, “Baba, za a duba.” Na ce masa ni ma haka na riƙa cewa, don Allah ya sa mana rana. Ya sa mana bayan hutun majalisa.

Shekarata 62 yanzu, hannun hagu bai gama dawowa ba. Jiya aka bugo mini cewa an yi ruwan farko a gida, kuma ungozoma ta ƙirga mata 11 da ake sa ran za su haihu tsakanin Yuli da Satumba. Mun yi karo-karo mun kama ɗaki biyu a tsallake kusa da asibiti, domin duk wadda watanta ya kama a haye da ita tun ruwa bai kawo ba. Kuɗin ɗaki ɗaya ne suka cika, gobe zan shiga kasuwa in bi 'yan garinmu rumfa-rumfa neman na ɗayan.